Azumin da Na Kashe Garmaho

Shekarun baya, lokacin da azumi ke faɗowa a tsakiyar zafin garin Greensboro na Amurka, na yi aikin kula da wani tsohon Bature a unguwar Irving Park. Na daɗe ina riƙe da labarin nan a cikina. Mijina ma rabinsa ya sani.

Antina ce ta samo mini aikin, wata 'yar Damagaram da ta riga ni zuwa garin nan da daɗewa. Ba 'yar'uwata ta jini ba ce, a masallaci muka haɗu, amma ita ta koya mini tuƙi, ta koya mini yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da ƙugun mutum ya tashi aiki ba. Tsohon ya haura tamanin, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aiki a wani gari, sai ranar Lahadi take zuwa. Ni ke wuni da shi daga Litinin zuwa Asabar, wata ma'aikaciyar kuma ta kwana. Tun ranar farko 'yar ta faɗa mini burinta: mahaifinta ya ƙarasa kwanakinsa a cikin gidansa, kada a kai shi gidan tsofaffi. Likita ya yarda, muddin yana cin abinci, ƙafafunsa kuma suna ɗaukarsa.

A jikin firji ta manna takardar abubuwan da zan riƙa yi. Magani, wanka, ɗan zagaye a lambu. Can ƙasa ta rubuta cewa a sa faifai kafin a kawo abincin rana.

A falo akwai wani tsohon garmaho, a gefensa faya-fayai jere a kanta. Dukkansu na mutum ɗaya ne, wani mawaƙin zamanin da. Ga hotonsa nan a jikin kwalayen, da kwat da malafa, yana murmushi irin na wanda bai taɓa wanke kwano ba a rayuwarsa. Tsofaffin waƙoƙin jaz ne da na soyayya, waɗanda ake rerawa tun kafin a haifi mahaifiyata. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, kamar mai lallashin jariri, piyano da busa suna biye da shi a hankali. Ranar da na fara ji sai da na yi dariya. Na ce wannan bawan Allah ko karin kumallo bai yi ba aka shigar da shi ɗaukar murya. Ba a yi wata biyu ba na kama kaina a cunkoson motocin titin Wendover ina bin waƙar da hanci.

Da zarar allura ta sauka a kan faifan, wannan ɗan shuu na farko ya fito, sai tsohon ya gyara zama. Ya shimfiɗa ƙyalle a cinya, yana buga yatsa a tebur, ya cinye abin da na zuba tas. Da safe shayi kawai yake kurɓa, da yamma ma bai cika damuwa ba, abincin ranar nan shi ke riƙe da shi. Ni kuwa na ɗauka hannuna ne. Har alfahari nake yi wa mijina, wai Baturen nan ya manta komai amma bai manta girki mai daɗi ba.

Sai azumi ya ƙarato. Ni tun ina yarinya, idan watan ya kama nakan wanke kunnena. A gidanmu ko rediyo mahaifiyata ba ta barin ya yi kiɗa, ni ma har ƙarar wayata nake canzawa. Ga shi a shekarar waƙoƙin mutumin nan sun fara bi na har kan sallaya, ina sujada suna yawo a kaina. Na samu Anti bayan sallar Juma'a na faɗa mata damuwata.

Ta ce, "Ke 'yata, mutumin da bai san sunansa ba, shi zai san an kashe kiɗa? To, bon, wata ɗaya ne tak. Ki zare plug ɗin, bayan salla ki mayar."

Na ce, "Anti, a rubuce yake fa a takarda."

Ta ce, "Magani ne? Ba magani ba ne. Ki ba shi maganinsa, ki kare azuminki."

Ban ɗora mata laifi ba, har gobe. Amsar da na je nema ke nan, da ta ba ni wata daban da na tambayi wani.

Ranar ɗaya ga wata na zare wayar garmahon daga bango, na ajiye masa faranti. Ya dubi abincin, ya dubi garmaho, ya nuna shi da yatsa. Na ce masa ya lalace. Ku ji fa, na gudu daga kiɗa na faɗa cikin ƙarya, da azumi a bakina, kuma ban ga komai a ciki ba. Ya ci cokali biyu ya ajiye. Washegari haka. Na canza girki, na dama dankali, na yi romo, na zauna ina lallashi da cokali a hannu. Ya rufe baki yana kallona kamar bai san abin da ake yi da cokali ba. A littafin aiki na riƙa rubuta cewa ba ya son abinci.

Duk ranar Asabar kafin in tashi nakan mayar da wayar garmahon jikin bango. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini cewa na san ɓoyo nake yi. Lahadi 'yarsa ta zo ta sa faifai, ya ci a gabanta, ta koma hankali kwance. Da ta ga wandonsa ya fara yi masa yawa ta kira likita, aka canza masa wani magani, aka ce a ƙara sa ido.

Za ku ce ban lura ba ne? Tunanin ya gifta mini, ba sau ɗaya ba. Sai in kore shi. In ce tsufa ne, in ce zafi ne, in ce saura kwana goma sha biyar, saura goma. Lissafin ladana nake yi, mutum yana ramewa a gabana.

Ranar ashirin da uku ga wata, wajen sha biyun rana, ina kicin na ji wani tim. Na fito da gudu na same shi a ƙasa, tsakanin kujerarsa da kantar faya-fayan. Tashi ya yi da kansa, ƙafafun suka ƙi. Ko ƙara bai yi ba, kallona kawai yake. Ƙashin ƙugunsa ne ya karye.

Aka yi masa aiki a asibiti. Likita ya ce maganar komawa gida ta ƙare, daga nan sai gidan tsofaffi.

Bayan salla na je duba shi a can. Na tarar da 'yarsa, an kawo abincin rana. Ta ciro wayarta ta danna, muryar mawaƙin nan ta cika ɗan ɗakin. Tsohon da yake kwance kamar tsumma ya motsa yatsa, ya buɗe baki, ta sa masa cokali. Tana ba shi tana yi mini bayani.

Ta ce, "Shekara hamsin mahaifiyata tana sa faifan nan in za ta jera abinci. Yanzu cikinsa ya daina gaya masa yana jin yunwa, waƙar ce take gaya masa. Shi ya sa na rubuta miki. Abin da na kasa ganewa shi ne, me ya sa ta daina yi masa aiki a watan nan?"

Ta dube ni, babu ko ɗigon zargi a idonta. Nema take in taya ta tunani. Bakina ya bushe fiye da duk ranakun azumin. Na ce mata ni ma ban sani ba.

Bai kai lokacin sanyi ba ya rasu, a wancan ɗakin. Bai sake taka gidansa ba.

Ban kawo labarin nan don a buɗe mini muhawarar kiɗa ba, don Allah ku bar ta. Na je wurin wani malami na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce niyyata ba mummuna ba ce, amma amanar da aka damƙa mini ta fi abin da na guje wa nauyi, in yi ta istigfari. Ina yi. Sai dai nauyin bai ragu ba, kuma na daina sa ran zai ragu. Tambaya ɗaya ce ta raba ni da duk wannan. Da na ɗaga waya na ce wa matar nan, faifan nan na mene ne, da ta gaya mini a minti ɗaya. Ban tambaya ba don ina tsoron amsar za ta ɓata mini tsari.

Na bar aikin kula da tsofaffi, yanzu kaya nake jerawa a wani sito. Kwali ba ya jin yunwa. A ƙarshen shekara manyan kantunan Wendover sukan saki irin waƙoƙin nan, wani lokaci muryarsa ce sak. Na sha barin keken sayayya a tsakiyar layi in fita in zauna a mota.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne 'yarsa. Ta je ta binciko lokacin ƙaramar salla da kanta, duk shekara sai ta turo mini saƙon barka. Takan ce ba za ta taɓa mantawa da matar da ta riƙa zama tana lallashin mahaifinta ya ci abinci, alhali ita ko ruwa ba ta sha ba. Duk shekara nakan zauna in rubuta mata gaskiya, tun daga farko har ƙarshe. Sai in goge.

Bana ma ta turo. Na ce mata na gode.