Shi Ma Ɗan Wane Ne

Goge mutum-mutumin dutse wahala ce. Kamfanin shara ne ya tura ni wata tsohuwar coci a tsakiyar Landan, inda aka sassaƙa wani basaraken zamanin da, kwance a kan kabarinsa da sulke da takobi, kare a ƙafarsa. Sulken nan zobe-zobe nake binsa da ɗan buroshi, a durƙushe. Har yau gwiwoyina ba su yafe masa ba.

Akwai wata tsohuwar Baturiya mai zagayawa da baƙi, ba ta gajiya da labarinsa. Kakansa ya ƙetaro daga Faransa da yaƙi, sarki ya yanka musu ƙasa. Shi kuma ya auri bazawara mai dukiya, 'ya'yansa suka yi ta rigimar gado. Na ce mata irinsu sun cika Katsina. Sai ta nuna min farkon sunansa, Fitz, ta ce ma'anarsa ɗan wane.

Na ajiye buroshi na yi ta dariya har ta tsorata.

Dalili kuwa, sunan gidanmu da Ɗan ya fara, kuma babban ɗana ya kafe sai ya guntule shi daga takardunsa. Wai tun firamare Turawa ke ɗauka sunansa ke nan, Dan, kamar nasu. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

Ran Asabar na jawo shi daga unguwar Barking har gaban kabarin, tsohuwar ta maimaita masa.

"To sai me, Baba?" ya ce da Turanci.

"Mutum da dawakai da gonaki bai ji kunyar a kira shi ɗan ubansa ba. Sai kai da ko keke ba ka da shi?"

"Ina da keke."

"Ni na saya."

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna komawa ya ce da karyayyar Hausarsa, "To a bar sunan. Amma kakanka, shi ɗan wa ne?"

Ban sani ba, kuma raina fes.

Washegari da na idar da sallar asuba na kira Gwaggo a ƙauye, wadda ta san asalin gidanmu, na ta da yaron daga barci, na miƙa masa wayar.