Ranar da Inna ta shiga ɗakin na'urorin jami'a

Shekarun baya ne, lokacin da damina ta gaza, sojoji kuma suna riƙe da ƙasa. Ina shekarar farko a jami'a a Damagaram. A gidanmu na Matameye rumbu ya yi wayam tun kafin sanyi ya wuce, shi ya sa yayana ya tafi ci-rani Legas, yana aikin gini.

Sai labari ya iso gida cewa ya faɗo daga bene. A waya ya ce lafiyarsa lau, amma wane ɗan ci-rani ne ya taɓa cewa ba lafiya? Mahaifiyata kuwa ba ta karɓar wayarsa, don shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta kama wa, "wancan" take ce masa. Ƙanwata ta ce mini Inna ta daina cin abincin kirki. Na matsa masa har ya je siber, wato shagon intanet, ya turo hotonsa cikin akwatin saƙona, na aika gida cewa hoto ya zo.

Ba a jima ba sai ga Inna a ƙofar jami'a da ƙullin kuka.

"Kuka na kawo maka," ta ce.

Ni da ko tukunya ba ni da ita!

Ɗakin na'urorinmu yana da dokoki, kuma ni ne kan gaba wajen ƙunƙuni a kansu. Baƙo ba ya taɓa na'ura. Ba ka ba kowa lambarka ta sirri. Ba ka leƙa allon wani. Ɗalibai ma cewa suke sojoji na karanta duk abin da muka rubuta. Mai kula da ɗakin, wanda muke ce wa Mushe, wato "malam" da Faransanci, mutum ne marar wasa. Na same shi, na kwashe labarin duka na faɗa masa.

Ya dubi Inna da ke tsaye a bakin ƙofa. "Ɗan fari ne?"

Na ce e.

"To a bari yara su fita sallar azahar. Kai za ka buɗe da hannunka, ita ba za ta taɓa komai ba."

Da ɗakin ya watse, ya cire takalmi ya gaishe ta, ya jawo mata kujera. Na buɗe hoton. Ga yayana tsaye jikin wani bango, yana murmushin dole. Inna ta kawar da kai tana kallon silin, wai zafi ya yi yawa a ɗakin. Ni kuwa sakarai ina ta nuna mata: "Inna, ga shi nan fa, ki duba!"

Mushe ya dafa kafaɗata. "Dokar nan ta ce ba a leƙa allon wani. Ta hau kaina, ta hau kanka. Yanzu allon na Inna ne."

Ya ja ni bakin taga, muka juya mata baya. Mun daɗe muna kallon wata akuya tana cin kwali. Babu abin da nake ji sai ƙarar fanka.

Da na fito raka Inna, sai da muka kusa tasha ta yi magana. "Da ƙafafunsa biyu yake tsaye. Amma rigar nan ta yi masa yawa. Ka ce wa wancan ya riƙa cin abinci." Daga nan ta sa na sayo mata ƙosai, ta cinye tas kafin mota ta cika.

Da can ina ɗauka mai abin ɓoyewa ne kawai yake bukatar dokar sirri. Ranar na ga ashe mai ƙauna ma yana bukatar a juya masa baya na ɗan lokaci. Ina tuna Mushe da alheri duk sanda hannuna ya kai ga wayar wani.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ko ta yi kuka a gaban hoton nan, ko ta kira sunansa a hankali, ban sani ba. Ban taɓa tambayarta ba, kuma har yau ina jin daɗi da ban juyo ba.