Almakashin Ƙarfe Bakwai

Kullum ƙarfe shida saura kwata na safe abokiyar aikinmu Injiniya take buɗe ɗakin ƙarshe na ofis, wanda ba shi da taga. Sai ta tuɓe takalmi, ta kashe fitila, ta zauna tana fuskantar farin bango. Can sai ka ji cokali ya taɓa kofi, alhali babu cokali babu kofi, ɗigon haske ya bayyana a bango. Sai ƙofa ta yi ƙiii. Sai wani ya yi gyaran murya dab da kunnenka, ka waiwaya ba kowa. Kafin ƙarfe takwas bangon ya cika da haske, ɗakin ya cika da mutanen da ido ba ya gani. Mai shara ta rantse ba za ta ƙara shiga ba. "Anti, ki riƙe aljanunki, ni baranda ta ishe ni."

Ba aljanu ba ne, tsofaffi ne. Ofishin yana kula da waɗanda ke zaune su kaɗai, 'ya'ya sun watse neman abinci. Kowane da safe yakan danna maɓalli a wayarsa, wato ya tashi lafiya, saƙon ya biyo intanet ya faɗo kwamfuta. Da can jerin lambobi ake dubawa, ido ya gaji, a tsallake suna. Injiniya ta ce wannan wasa ne da ran mutane. Ta bi su gida-gida da rikoda, kowa ya zaɓi sautinsa, ta haɗa manhajar da ke mai da kowane danni sauti da haske a daidai lokacin da aka yi shi. Shekara goma sha ɗaya tana sauraro. Idan ɗaya ya rasu, takan ce safiya ta yi giɓi kamar bakin da aka cire wa haƙori.

Cikinsu akwai wani tsohon tela da ya zaɓi ƙarar almakashi. Sarkin makara ne, kuma hannunsa na rawa, don haka sau biyu yake dannawa, ƙyas-ƙyas. In ya wuce ƙarfe tara sai ofis ya kira ɗansa.

Wata Litinin almakashin ya yi ƙara ƙarfe bakwai cif, sau ɗaya. Injiniya ta ɗago kai. Ranar Talata ma haka, bakwai cif, sau ɗaya, tsaf. Ta kira wayar tsohon, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Ta fita ba takalmi ta sami manaja.

"Ranka ya daɗe, a tura mota gidan tela."

"Ai ga shi nan ya danna. Tsoho ya gyara hali, shi ne laifi?"

"Wannan ba hannunsa ba ne."

"To hannun wa?"

"Shi nake so in sani."

Manaja ya yi tsaki, amma ya ba da mota, Allah ya saka masa. Direban da ya kai ta shi ya ba ni sauran labarin. Sun yi sallama, shiru. Maƙwabciya ta kira kafinta ya ɓalle ƙofar. Wayar na kan tebur a jikin caja. Tsohon kuwa yana kwance a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye tun yammacin Lahadi, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa, murya ta dushe. Likita ya ce da an ƙara yini ɗaya da gawa za a ɗauko.

A asibiti ɗan ya sunkuyar da kai. Ran Lahadi da ya leƙo, shi ya saita wayar ta riƙa danna kanta. "Kiran ne ya yi yawa, Anti. Kullum sai an fitar da ni daga mitin."

Ni da ni ne da sai ya ji ba daɗi. Ita Injiniya ko zagi ba ta yi ba, ta ce ya zo ofis gobe da sassafe. Ta zaunar da shi cikin duhun nan, cokali da ƙofa da gyaran murya suna kewaya shi. Bakwai na cika almakashi ya yi ƙyas, haske ya kama a bango, alhali mai almakashin na kwance a gadon asibiti da robar ruwa a hannu. Mutumin ya dafe kai ya fashe da kuka, babba da shi.

Ke ce kunnen waɗanda aka bari a baya, Anti Injiniya. Ke kika san ranar da hannun tsohuwa ya yi nauyi, ke kika san wanda ya fara tashi tun duhu saboda baƙin ciki ya hana shi barci. Ba ki taɓa fitowa a jarida ba, rabin ma'aikatan ginin ma sun ɗauka mai gyaran sifika ce ke. A ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, kin bar mana mutum biyu da kika koya wa zama shiru su saurara. Mun gode. Allah ya ba ki mai sauraronki ranar da naki hannun zai fara rawa.

Mu kuma da muke da tsofaffi a wasu ɗakuna, mu ji kunya mu koya. Alamar da ta fito a waya ba ita ce gaisuwa ba. A kira a ji murya, in ba a ɗauka ba a tashi a je.

A walimar ban-kwana da muka yi wa Injiniya makon nan an kawo tsohon tela a keken marasa lafiya, ɗansa na tura shi. Aka ce ya yi magana. Ya juya ya kalli Injiniya.

"Kwana biyu ina kiran 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunansu," in ji shi. "Wadda ta amsa ba ni na haife ta ba."