Kurkunun Ɗan Tani

Cikin duk rangadin da na yi ina malamin asibiti, ban taɓa mantawa da ranar da na roƙi mutum ya zage ni ba. Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne, aka turo mu Madarumfa daga Maradi, ni da majo, wato shugabanmu, da gardi ɗaya, wato ɗan sandan gwamnati, mai rakiya.

Aka kawo wani masunci, Ɗan Tani, tsutsar kurkunu ta fito masa a idon sawu. Ku yaran yanzu ba ku san aikin ba. A ɗan tsinke ake naɗe ta, kullum a ja kaɗan. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, wani ya gurgunce ke nan.

Ina fara ja, Ɗan Tani ya watsa mini yatsu. "Uwaka! Ɗan banza, kashe ni za ka yi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni ma ba kanwar lasa ba ne. Gardi kuwa ya miƙe. A dokar zamanin, wanda ya zagi ma'aikacin gwamnati, kumandan, Baturen mulki, na iya jefa shi kaso, wato gidan yari, ba shari'a. Gardin ya ce gobe zai ji ko ina da ƙara.

Washegari Ɗan Tani ya zo ya cusa bakin riga a baki. Ina ja, shiru. Na ƙara, shiru, sai gumi. Hannuna ya tsaya. Ashe jiya zagin nan ne ya nuna mini inda zan dakata. Yanzu ba ni da ma'auni.

"Baba, yi magana."

"Ni da kaso? Iyalina wa za ya ci da su?"

Na dubi majo, ya ɗaga kafaɗa, wai ni aka zaga, ni na sani. Na ce wa gardi ba ni da ƙara, ya je ya sha inuwa.

"To Baba, in ta yi zafi, zage ni."

"Haba ɗana, da gangan?"

Sai da na ja ya saki baki, har kakata bai bari ba. A haka muka fitar da ita ɗungurungum, ya koma tafki da ƙafarsa.

Tun ran nan, mai zagi bai cika damuna ba. Wanda muka tsorata har ya yi shiru, shi nake jin tsoron taɓawa.