Ranar da Sekove Ya Tuɓe Hula

Shekara tara Sekove yana tuƙa bas tsakanin biranen Suva da Nausori na ƙasar Fiji, kuma a shekarun nan kaf babu mahaluƙin da ya ga tsakar kansa. Wata shuɗiyar hular hana-salla gare shi, har ta koɗe. Matarsa ma ta gaji da mita ta ƙyale shi.

Da can, a ƙauyensu na tsibirin Kadavu, da Sekove ake kwatance in ana zancen suma. Irin tamu ce ta mutanen Fiji, wadda ake tajewa ta tashi tim kamar kwando. Duk safiyar Lahadi mahaifiyarsa, Inna Litiana, ke shafe ta da man kwakwa kafin a tafi coci. Ranar rawar mashi shi ake sawa a gaba, 'yan mata na ta rangaɗa guɗa. Yana dosar arba'in sai sanƙo ya yi masa sallama, ya fara da tsakiya, ya bar masa 'yar katanga a gefe.

A birni hula ta rufa masa asiri. Amma a al'adarmu ba a shiga ƙauye da hula, raini ne ga mai gari; ko fasto tun a bakin gaɓa yake cire tasa. Sai gogan naka ya ɗauke ƙafa. Kirsimeti ya ce aiki ya yi yawa, rasuwar kawunsa ya ce jirgin ruwa ya tafi ya bar shi. Sai dai aiken sukari da fulawa da kananzir. Wauta ce tsagwaronta, shi ma ya sani, kuma tana cin sa a rai.

Ran nan ƙanwarsa Akanisi ta bugo waya. "Yaya, yanar ido ta kusa rufe wa Inna gani, saura kaɗan. Ta ce ka riƙe sukarinka, fuskarka take son gani."

Washegari ya ajiye bas, ya nufi shagon askin taubashinsa Peniasi a bayan kasuwa. A wajenmu kan mutum ba abin taɓawa ba ne haka kawai, don haka sai da Peniasi ya nemi izini cikin ladabi kafin ya ɗaga hular. Yana ɗagawa ladabin ya ƙare.

"Kai, taubashi! Ashe filin jirgin sama kake yawo da shi ba mu sani ba?"

"Yi aikinka, sarkin surutu. Jibi zan tafi gida."

"To, mu kwantar da na gefe a kan filin?"

"Iskar teku ta ɗaga shi kamar tuta tun ban sauka ba?"

"In sa maka baƙin rini?"

"Me za ka rina, fata?"

"To a rage gefen ƙasa-ƙasa, irin na 'yan ƙwallo. Daga nesa ba mai ganewa."

Sekove ya daɗe yana kallon madubi. Wannan 'yar katangar ita yake tajewa a ɓoye kullum safe, ita ce ragowar saurayin nan mai rawar mashi.

"Kwashe duka. Tal-kwabo."

Peniasi ya daina dariya. "Sumar da gwaggo ta raina da hannunta fa?"

"Na gaji da ɓoyo. Kwashe."

Da kwale-kwale ya kai gaɓar ƙauyensu, ya cusa hular a jaka, ya gyara zanensa, ya rungumi damin saiwar yaƙona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha, gaisuwar mai gari. Mata na wanki a bakin rafi. Wata tsohuwar abokiyar rawarsa ta dafe ƙirji ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga wata ya fito da rana tsaka!" Aka kwashe da shewa. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai tsaya ba, bai kuma sa hannu ya kare kan ba. Ya gaida mai gari yadda ake yi, ya wuce gida.

Inna Litiana na zaune a tabarma a bakin ƙofa. Ya durƙusa gabanta. Ta juyo da fuskarsa wajen haske, ta ƙura ido, ta sake ƙurawa.

"Inuwa kawai nake gani, Sekove. Da watan jiya ka zo, da na gan ka."

Ta kai hannu kansa, uwa ba ta neman izini. Ta shafa daga goshi har ƙeya, a hankali.

"Kan ubanka sak. Kai ba ka san shi ba, amma a haka na gan shi na ce na ji na gani." Ta sake shafawa. "Don wannan ka hana ni fuskarka shekara tara?"

Hawayensa na ɗiga a tabarma.

"Akanisi," in ji tsohuwar, "miƙo min man kwakwa. Rana za ta ƙona min shi."