Lakar da na liƙa a ƙwauri

Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu sun rubuto suna tambaya ko waya ce ta lalace. Waya lafiyarta lau. Mai wayar ne ya lalace, anka gyara.

Tsakiyar damina, malaman makaranta da 'yan kasuwar Tambuwal sunka shirya tseren keke, a bi hanyar Jabo a ratsa fadama a dawo. Sharaɗi ɗaya: keke marar giya, irin namu na da. In ka iske tudu, cinyarka ce giyarka.

Shekarata sittin da uku, na aje alli tuni, ban da niyyar shiga. Sai taubashina Ladan, mutumin Fakku, ya tare ni bakin masallaci.

"Malam Umaru, an ce kekenka ya koma wurin kwanan kaji."

Na ce, "Kajin ma sun fi ka sauri."

"To, mu gamu ran Asabar."

Ran Asabar laka har gwiwa. Nan mu hau keke, can keke ya hau mu. Daidai mashayar shanu taya ta zame, na kife. Fedata ta daɗe ba roba, ƙarfe ne tsirara, ya tsaga min ƙwauri. Ladan ya iso yana haki.

"Liƙa mai laka, jinin shi tsaya!"

Na damƙo laka na liƙa, yadda muke yi tun muna kiwo. Jini ya tsaya. Na zo na fuɗu, Ladan na bakwai, na kwana uku ina ba da labari.

Kwana tara da yin haka na ɗauki goro zan ɓantara, baki ya ƙi buɗewa sosai. Na ce sanyi ne. Washegari wuya ya sandare, cokali ba ya shiga. Mai ɗakina, Hajiya Luba, ta dube ni ta ce, "Malam, mi kake ma dariya?"

Ba dariya nika yi ba. Fuskar ce ta ja da kanta.

A asibitin gari ma'aikacin lafiya ya dubi bakin, ya dubi ƙwaurin, ya ce, "Baba, tetanas ne. Yau ɗin nan ku wuce Sakkwato."

A can anka ɗibi jini, anka buɗe raunin anka yanke ruɓaɓɓen nama. Allurai, ƙarin ruwa, da roba ta hanci da ake zura min kunu. Allurar kashe dafin ciwon tana da tsada. Sai da ɗan bijimin da nika kiwo ya tafi kasuwa.

Ga abin da ban sani ba game da ciwon ga. Ƙara kaɗan ko haske ya isa ya tayar da jijjiga. Baya ya lanƙwashe kamar baka, haƙora su sarƙe, numfashi ya tsaya, kai kuwa hankalinka garau, kana jin komai. Na ji tsoro ƙwarai. Kalmar shahada ma a zuci nake yin ta, don harshe ba hanya.

Mu kuwa kun san mu da dubiya. Rana ta biyu mota guda ta zo daga Tambuwal. Wani bawan Allah ya turo ƙofa da ƙarfinsa: "Salamu alaikum! Sannu Malam!" Sallamar nan ta kusa kai ni lahira. Sai da ma'aikatan jinya uku sunka taru kaina.

Likita ta ja Luba gefe. "Mama, numfashinsa muke tsoro. In kina son ki koma da shi gida, ba mai shiga ɗakin nan. Ko waye."

Luba, wadda ba ta taɓa barin baƙo ya fita gidanmu bai sha fura ba, ta shimfiɗa tabarma bakin ƙofa ta zama mai gadi. Ta mayar da limaminmu. Ta mayar da yayata da ta taso tun daga Kebbe. An ce ta raba ni da dangi, an ce wani abu take ɓoyewa. Ta haɗiye duka.

Ladan ma ta hana shi. Bai tafi ba. Ya samu wuri a baranda ya zauna, kwana goma sha takwas. Wanda ya san Ladan ya san bakinsa ba ya hutawa ko a wurin jana'iza, amma Luba ta ba ni labari cewa ko tari zai yi sai ya fita bakin titi.

Da jijjigar ta lafa anka bar shi ya shigo, ba takalmi. Ya durƙusa ya raɗa min, "Taubashi, ni na ce ka liƙa lakar."

Bakina ya fara buɗewa kamar faɗin yatsa. Na ce, "Ko ba ka faɗi ba, da na liƙa."

Ya rufe fuska da hularsa.

Sati biyar na yi kafin a sallame ni. Yanzu ina takawa da sanda, ina cin tuwo da hannuna. Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan da ma'aikatan jinya masu tafiya da sanɗa saboda ni. Luba kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Shawarata: in ƙarfe ko ƙaya ta yanke ku, kada ku sa ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. Ruwa mai tsabta da sabulu, sannan asibiti a ranar, a yi allurar tetanas. Ni da na yi ciwon ma sai da anka fara min rigakafin, don yin sa ba ya hana shi dawowa. In baki ya fara ƙin buɗewa bayan rauni, kada a jira gobe. In kuma likita ya ce ba dubiya, ku yi addu'arku daga waje, tana isowa.

Waɗanda Luba ta mayar daga bakin ƙofa, ku yafe mata, raina take tsaro. Ina gida yanzu. Ku zo, ku yi sallama da iyakar muryarku, zan amsa.