Lambatun da Firmin ya cike

Firmin Gaudillat gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya gaisuwa sai an gaishe shi, kuma ko an gaishe shin sai ya fara duban takalmanka ya ga ko ka tako masa gona. Maƙwabcina ne a tudun Montbrenay. Gonar inabinsa tana sama, tawa tana gefe ta ƙasa, mun tsufa tare muna tsiya ta kan katangar dutse. Ban taɓa jin ya yabi wani abu a duniya ba sai ƙasar gonar nan tasa.

Ba kuma wata gonar a-zo-a-gani ba ce. Ɗan fili ne a rataye jikin gangare, in ka sa diga, kafin ka kai kamu ɗaya za ka ci karo da fa, dutse zalla. Gadon matarsa Léontine ne. Shi Firmin tsinkar inabi ta kawo shi garinmu yana saurayi, ya ga 'yar mai gona, ya ƙi tafiya. Allah bai ba su haihuwa ba, da Léontine ta rasu kuma sai ya zama ba shi da kowa sai kurangun inabin da surukinsa ya dasa.

A wajenmu in ruwan sama ya wanke ƙasa ya tara ta a gindin gona, ba a barinta can. Da hunturu ake kwashe ta a mayar da ita sama inda ta fito. Mu duk mun koma tarakta, amma gangaren Firmin ya fi ƙarfin tarakta, sai kwandon goyo. Duk hunturu za ka hango shi yana hawa a duƙe, numfashinsa na tashi kamar hayaƙi.

"Kai Firmin," in ce masa, "ka ƙyale ƙasar nan mana. Ita sauka take so."

"Kai ma ai sauka kake so, Honoré," ya ce, "amma kullum sai matarka ta haye da kai gida daga mashaya."

Akwai hanyar farar tsakuwa da ta taso daga bakin dajin kan tudu, ta bi saman gonarsa, ta sha kwana a bayan katanga, ta gangara har bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen ruwa. In aka yi hadari, hanyar nan kogi take zama. Shi ya sa duk mai gona a gefenta yake yanka lambatu a karkace ya ratsa hanyar, ya jera duwatsu a tsaye a bakinsa, don ruwa ya karkata ya faɗa kwari maimakon ya shiga gona. Na Firmin yana daidai bayan kwanar, inda surukinsa ya fara yanka shi. Mai tarakta ya san ya rage gudu a wurin, mai raba wasiƙu ya sani, ko karnukan garin tsallake shi suke yi ba tare da sun duba ba.

Masu keke sun daɗe suna bin bakin kanal, iyali da yara da kwandon burodi da cuku, ba su dami kowa ba. Sai wani ya sa tudunmu a taswirar wayoyinsu. Daga nan muka fara ganin wasu iri: ƙarti cikin riguna masu kama jiki, da hular kwano, da kekuna masu manyan tayoyi da aka yi musamman don tsakuwa. Su hau ta daji suna nishi, su gangaro ta gonaki kamar an koro su. Ofishin gari ya kafa musu ƙananan alluna koraye. Ba zan yi musu ƙarya ba, a dalilinsu gidan burodi ya sake buɗewa, tsohon gidan mai gadin ƙofar ruwan kanal ya zama wurin shan kofi. Amma ni har yau in na ji ƙarar tayar nan a kan tsakuwa raina ɓaci yake yi.

Abin da babu wanda ya hango shi ne birki. Duk wanda ya iso kwanar sai ya danne birki, tayar baya ta ja ƙasa. Kafin shekara ta juyo sun haƙa wata siririyar kwata a tsakiyar hanya. Ruwan kaka ya bi kwatar nan a tattare da ƙarfinsa, ya tsallake lambatun Firmin, ya ci masa layukan inabi na sama. Hunturun nan ya yi dakon ƙasa har sai da bayansa ya ƙi miƙewa.

Ya saka jaket ɗinsa na jana'iza ya tafi wajen magajiyar gari, Madam Thivent, ni kuma na raka shi don kada ya zagi wani.

"Baba Firmin, na ji kukanka," ta ce. "Bututu za mu binne a ƙarƙashin hanyar, ruwa ya bi ta ciki, kowa ya huta. Sai dai a bari majalisa ta zauna."

"To," ya ce, "shi ruwan kun aika masa ranar zaman?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Majalisa ta zauna, ta ce sai kaka mai zuwa.

Da bazara ta shigo, ya ɗauki diga da shebur ya yi abin da kowane manomin tudun zai yi. Ya zurfafa lambatun, ya faɗaɗa shi, ya sake kafa duwatsun bakinsa da kyau. Aiki ya yi mai kyau, duk wanda ya wuce sai da ya yaba. Alama kuwa ba ta ko zo a ran wani ba. Mutum ba ya sa wa matakalar gidansa alama, kuma a idonmu lambatun nan haka yake.

Wata ranar Lahadi a watan Mayu, da hantsi, Firmin yana ɗaure rassa a layin sama sai ya ji ƙarar tsakuwa, sannan wata ƙara da ya ce bai taɓa jin irinta ba. Tayar gaba ce ta faɗa lambatun ta cije a duwatsun. Mai keken ya tashi sama ya sauka da wuya a jikin katanga.

Sunansa Gaëtan Morlot, malamin makaranta daga birnin Dijon, da mata da 'ya'ya biyu. Ihun Firmin ne ya kawo ni. Na tarar da shi a durƙushe ya riƙe kan mutumin da hannu biyu, kamar yadda mai amsa kiran gaggawa ta ce masa a waya, kada ya bari ya motsa. Mutumin idonsa biyu, babu ko jini mai yawa. Abin da yake ta tambaya shi ne, "Baba, ƙafafuna suna ina? Duba mini, suna nan?" Firmin yana ta ce masa suna nan, suna nan. Haka ya riƙe shi har jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallo. Da aka karɓe shi, sai da na buɗe wa Firmin yatsunsa ɗaya-ɗaya.

Mutumin bai mutu ba. Daga ƙirji zuwa ƙasa dai ya shanye ke nan.

Jandarmomi suka zo suka auna, suka yi tambayoyi, suka tafi. Ba a kama Firmin da laifi ba, lambatun ya girmi allunan masu keke nesa ba kusa ba. Gari kuwa ya tsaya masa, da surutu har ya yi yawa. Yana shiga mashaya sai a fara.

"Kada ka sa wa ranka komai, tsoho. Su suka kawo kansu."

"Wa ya aike su? Gudu kamar mahaukata a gonar mutane!"

"Ni da ni ne, wani zan ƙara yankawa a sama."

Firmin ya ajiye kofinsa a cike ya fita, bai sake shiga wurin ba. Na ji kunyar garinmu ranar.

Cikin watan Yuni wata mota ta tsaya a gindin tudu, wata mace ta hayo a ƙafa. Siririya ce, idanunta duk sun faɗa. Ta ce ita ce Solène, matar Gaëtan, tana so ta ga wurin. Ina tsaye a bakin katanga lokacin.

"Nan ne?" ta ce.

"Nan ne, Madam."

Ta daɗe tana kallon lambatun. Sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi da taki ɗaya, ta juyo ta sake tsallakowa.

"Ni na ɗauka wani babban rami ne," ta ce. "Kai ka haƙa?"

"Ni ne."

"Me ya hana ka sa alama?"

Ya cire hularsa yana murza ta. "Madam, kowa ya san yana nan."

"Ashe Gaëtan ba ya cikin kowa," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce an gaya mata shi ya riƙe kan mijinta, ta gode. Ta gangara ta shiga motarta.

Washegari da safe na tarar da Firmin ya tumɓuke duwatsun, yana zuba tsakuwa a lambatun yana dannewa da ƙafa. Raina ya tashi.

"Kai, hauka kake yi? Yuli fa na tafe! Ka san abin da hadari zai yi maka?"

"Na sani."

"To ka shafa fenti mana! Ka kafa jan ƙyalle, ka sa katako a kai. Ka jira bututun nan zuwa kaka!"

"Fenti ya goge, ƙyalle iska ta ɗauke," ya ce. "Na gaba wa zai riƙe masa kai? Kai?"

Ban haƙura ba. Bayan kwana biyu na je da sassafe na tone shi da kaina, na kafa sanda da jar leda. Kafin azahar ya cike shi, ya sauko har ƙofar gidana ya ajiye mini sandar.

"Honoré, in ka sake taɓa hanyar nan, ba ni ba kai."

Na san shi, na bari.

Hadarin ya zo a ƙarshen Yuli, da la'asar, bayan zafi ya dafa mu mako guda. Ni da Firmin muka fake a 'yar bukkar dutse ta gefen gonata. Daga ƙofarta muna kallo ruwa ya cika hanya, ya bi kwatar masu keke, ya wuce inda lambatun yake a da kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba, ya sami wata ɓaraka a katanga ya afka gonar. Da farko fari ne, sai ya koma ja. Ya ratsa layukan yana tafiya da ƙasa da duwatsu da turaku, ya fasa katangar gindi, ya ƙetare titi. Ni ne nake ta zage-zage, ban ma san wa nake zagi ba.

Ƙasar ba ta tsaya a gindin gona ba, inda kwando zai same ta. Rabi ta faɗa kanal, ruwan ya yi kwanaki yana ja. Sauran da ta kwanta a hanyar bakin ruwa, motar ofishin gari ta kankare ta, aka loda aka kai juji, don lokacin baƙi ne kuma kekuna na son wucewa. A sama kuwa kurangun suna tsaye a kan fa tsirara, saiwoyinsu a waje rana na dukansu. Kafin lokacin tsinka inabin ya yanƙwane a jikinsu.

An binne bututun a watan Oktoba, kamar yadda aka yi alkawari. Aiki ne mai kyau, keke na wucewa a kai ko girgiza babu.

A Nuwamba Firmin ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya rame, jaket ɗin na yawo a jikinsa.

"Gobe ka kawo taraktarka da sarƙa, mu tumɓuke kurangun," ya ce. "Ka tsaya a hanya, ni zan ɗaura."

Tsohuwar kurangar inabi ba ta fita da sauƙi. Na sha ganin sarƙa ta tsinke, tarakta ta ɗaga gaba, ita tana nan daram. Na shirya wa aikin kwanaki. Ya ɗaura ta farko, ya ɗaga mini hannu, na ɗan taka mai, kafin sarƙar ta gama miƙewa kurangar ta biyo ta. Ta biyu ma haka. A ta uku sai ya tsaya, ya kwance sarƙar ya yar.

"Kashe injin, Honoré, kada ka ƙona manka a banza."

Na kashe. Ya sunkuya ya kama kurangar da hannu ɗaya ya ja, ta fito. Ya ajiye ta a gefe a hankali, ya matsa ga ta gaba. Na sauko daga tarakta na kama ɗaya layin. Kafin rana ta faɗi mun gama gonar duka.